Shekarar da Aka Karɓe Makullin Tarakta

Ku ɗiyana, kun taso kun tarar da babanku yana noma da hauya kamar kowa, kuma kun sha jin cewa da can shi ke tuƙa taraktar gidanmu har aka karɓe makulli daga hannunshi. Na san abin da ake ƙarawa a kan maganar in an ga ba na kusa. Ana cewa gazuwal, wato man tarakta, yake ragewa yana saidawa. Shi bai taɓa zama ya wanke kanshi a gabanku ba, don ba halinshi ba ne, ni kuma na daɗe ina haɗiye abin don kada zumunci ya lalace. Yanzu na tsufa, haɗiyar ta ishe ni. Babanku bai taɓa satar ko ɗigon mai ba. Abin da ya haɗa shi da yayanshi wasu sanduna ne guda biyu na ƙarfe da ke gefen kujerar tarakta, kuma zan gaya maku yadda aka yi tun daga tushe.

Lokacin gida ɗaya muke nan Dakoro, gandu ɗaya, rumbu ɗaya, kakarku Inna tana da rai. Alhaji Mamman, wan babanku, shi ne babba, shi ke fataucin hatsi da bisashe, kuma ba zan ɓoye ba, hannunshi a buɗe yake ga ƴan uwa. Shi ya sayo taraktar daga Maraɗi, tsohuwa ce, ja, an ɗauko ta bisa kamiyo, babbar motar kaya, da galmarta mai faifai. Babanku ya koyi tuƙi tun yana saurayi wajen wani furoje, wato shirin taimakon noma, don haka ba a yi wata doguwar shawara ba: Alhaji ke da tarakta, babanku ke tuƙi. In ruwa ya sauka a fara da gandun gida, sannan ya bi ƙauyuka yana yi wa mutane aiki, Birnin Lalle, Korahane, har Mai Yara.

Ni ina da gamanata, ƴar gonar kaina, gabas da gandu, wadda Inna ta yanka mani shekarar da aka kawo ni. Can na fara sanin sandunan nan. Na kai mashi hura da rana, na tarar ya kashe inji yana zaune a inuwar gawo. Na ce mashi na ga hannunshi na dama ba ya hutawa in yana aiki, kullum yana waige yana taɓa wani abu. Sai ya ce in zo in gani. Ya nuna mani sanduna biyu jere da juna, kowace da hanyarta da take bi gaba da baya. Ya faɗi sunayensu da Faransanci, pozisiyo da efor, amma ya ce shi ba haka yake kiransu ba.

"Wagga ita ce Kurma," in ji shi. "Inda kika aje ta, nan galma za ta tsaya. Ba ta jin ƙasa, ba ruwanta da tauri ko laushi. Waccan kuwa Mai-ji ce. Ita nauyin ja take saurare. In ƙasa ta yi tauri sai ta ɗan ɗaga galma don kada tarakta ta cije, in ta yi laushi sai ta sake ta ta nutse."

Na ce ai ke nan Mai-ji ta fi hankali.

Ya yi dariya. "A fadama ta fi hankali. Nan kuwa, zo ki gani."

Ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu. A sama akwai ɗan baƙi-baƙi, kaurinshi bai wuce tafin hannu ba, da ruɓaɓɓen ganye da kashin awaki a ciki. Ƙarƙashinshi sai rairayi fari tas, irin wanda ake zubawa a ɗaki. Ya ce mani ɗan baƙin nan shi ne gonar, sauran duk rairayi ne har ƙasa. Jigawa ba ta da taurin da Mai-ji za ta ji, don haka in ka bar mata galma sai ta yi ta nutsewa tana neman abin da za ta ja, ta binne baƙin a ƙasa ta juyo da farin sama, ta yanke saiwar ƴan gawo da sabara da muke bari suna tasowa a gona. Shi ya sa a jigawa yake kwantar da Mai-ji can ƙarshen hanyarta ya yi aiki da Kurma. Ita ma Kurma tana da nata aibi. Da yake ba ta ji, in gaban tarakta ya hau tudu sai galma ta soke ƙasa, in ya gangara sai ta tashi sama tana shafar iska. Dole matuƙi ya zama kunnenta, yana waige yana gyarawa da hannu. Abin da ke sa wuyan babanku ciwo ke nan kowace damana, ni ke gasa mashi shi da ruwan zafi. Amma in ya shiga kwari inda laka take, sai ya sauya. Can Kurma ba ta da amfani, sai dai tayu su yi ta juyawa wuri ɗaya inji na kuka. Can Mai-ji ke mulki, kuma masu fadama sun sheda ba su ga wanda ya kai shi iya ta ba.

Damana biyu aka yi haka lafiya lau. A ta uku sai ga wata tarakta daga kudu ta shigo ƙasarmu neman aiki. Matuƙinta bai san wani bambanci tsakanin jigawa da fadama ba, ko kuwa ya sani bai damu ba, tunda in ya gama zai koma garinsu. Mai-ji yake sakarwa ko'ina. In ya wuce sai ka ga gona ta juye gaba ɗaya, kunya manya-manya, ƙafa na nutsewa har ƙwauri. Mutane suka riƙa tsayawa bakin hanya suna kallo suna cewa yau ga aiki. In suka waiwayi gonar da babanku ya yi, sai su ga kamar kaji ne suka yi tono. Daga nan aka sa mashi suna Sosa-ƙasa. A kasuwa ake faɗi, a bakin rijiya ake faɗi, har a gabana wata ta taɓa faɗi tana dariya, ta ɗauka wasa take.

Wata ranar kasuwa wani dattijo daga Mai Yara, Malam Tanko, ya zo zauren gidanmu. Ina tsakar gida ina sussuka, ina jin komai. Ya ce wa Alhaji shi ya biya kuɗin noma ne, ba na shara ba. Ya ce maƙwabcinshi da ya ɗauki taraktar kudu gonarshi kamar an yi mata wanka, tashi kuwa ko hakin bara bai gama binnuwa ba. Sannan ya sassauta murya ya ce mutane suna magana, wai galma in ba ta shiga ƙasa ba inji ba ya shan mai sosai, to ina sauran man yake zuwa?

Ku ji inda abin ya fi ƙona mani rai. Gaskiya ne inji ba ya shan mai sosai in galma na sama-sama. Kuma babanku, duk ranar da ya dawo daga ƙauye, bidon man da ya rage yake saukewa ya kai ɗakin ajiyar Alhaji da hannunshi. Ni na sha riƙe mashi ƙofa. Wannan amanar ita aka juya aka yi mashi bulala da ita. Aka ce in har yana maido wannan, to nawa ya saida a hanya kafin ya iso? Da ya shanye man duka cikin rairayin mutane, ko da ya saida ragowar ya yi shiru, da ba wanda zai ce uffan.

Bayan la'asar Alhaji ya kira babanku. Ba a ɗaki ya kira shi ba, a zaure, gaban Malam Tanko da wasu abokan fataucinshi.

"Idi, mutane na gudunmu. Daga gobe ka sakar masu galma ta shiga yadda suke so."

"Yaya, a fadama ina sakinta. A jigawa in na sake ta, gonar za ta mutu."

"Gonarka ce? Mai gona ya ce ga abin da yake so."

"Mai gona bai san abin da sandar ke yi ba. Ni na sani. In na yi, na cuce shi ina sane."

Sai Alhaji ya faɗi maganar da har yau ban yafe ba, ko da yake na yi ta roƙon Allah ya sa in iya.

"Ko dai akwai abin da kake samu cikin rashin sakin nata?"

Na aje taɓarya. Babanku bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu aljihu ya ciro makulli ya aje bisa tabarma gaban yayanshi, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya shigo gida. Ya wuce ni bai dube ni ba, ya ɗauki buta.

Inna ta yi ƙoƙari, Allah ya jiƙanta. Ta kira su biyun ɗakinta, ta ce ita ba ta san sandar ƙarfe ba, amma ta san wanda ta haifa, Idi ko goron wani bai taɓa ɗauka ba. Alhaji ya ce ai shi bai ce ya yi sata ba, tambaya ya yi. Ta ce irin wagga tambaya a gaban baƙi ta fi zagi. Ya ce to ya ji, Idi ya koma bakin aiki, amma ya yi yadda mutane ke so. Babanku ya ce zai koma yau yau, in an bar shi ya zaɓi sanda gwargwadon ƙasa. Nan maganar ta tsaya. Da ya dawo ɗaki ya tambaye ni abin da na gani, don ya san abincinmu da suturarmu duk daga kujerar nan suke fitowa. Na ce mashi na ga rairayin da idona, kuma gara mu sha hura ba nono da a ce mijina ya kashe gonar wani don a yaba mashi. Na ƙara da cewa gamanata ba galmar da za ta shige ta sai in shi ke bisa kujera.

Alhaji ya ɗauko wani matuƙi daga Birnin Lalle, sunanshi Sale. Ba mugun mutum ba ne, abin da aka ce ya yi shi yake yi. Aka juye gandunmu tun daga bakin hanya har iyaka, aka tumɓuke ƴan itatuwan da babanku ya yi shekaru yana sassabe yana bari. Kuma ga abin da ya sa har gobe mutane ke ganin Alhaji ke da gaskiya: shekarar nan hatsi ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Duk takin da ya taru shekara da shekaru an motsa shi lokaci ɗaya, ruwa kuma ya yi daidai. Zangarniya kamar damtsen mutum. Rumbu ya cika aka gina wani. Ranar ɗaurin dammuna mutane suka riƙa tsokanar babanku, Sosa-ƙasa zo ka ga noma. Yana cikinsu, ya ci gaba da ɗaurinshi. Da muka koma gida na ce mashi me ya sa bai ba su amsa ba. Ya ce mani gonar ta ci abincinta na shekaru cikin damana ɗaya, amsar tana tafe, ba sai ya faɗa ba. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mai gaskiya ya jira ƙasa ta yi magana a madadinshi ba, kuma na gaya mashi haka.

Bayan rasuwar Inna aka raba gandu. Muka fita daga babban gida muka gina namu a bakin gari, nan inda kuka girma. Abin da muke samu bai isa ba, sai babanku ya fara tafiya cin rani Agadas, yana dako da shekarunshi, mutumin da ke iya kwance injin tarakta ya maida shi. Babban wanku ya bar lakwal, makarantar boko, don ya kama mani noma. In kuna tambayar me ya sa shi kaɗai bai yi karatu ba a cikinku, to ga dalili. Tarin da ya kwantar da babanku daga baya, daga can ya kwaso shi.

Amsar da ya ce tana tafe ta zo, amma a hankali ta zo, yadda ba wanda ya ji kunya. Gonakin da aka riƙa juyewa suka fara fari. In iskar hadari ta taso farkon damana sai ta kwashi rairayi ta yanke shuka ko ta binne ta, a sake shuka, a sake. Ba itace ko ɗaya da zai tare. Dammunan hatsi suka yi ta raguwa. Kuma da kuka ji mutane na magana, me suke cewa? Ruwa ne ya ragu. Zamani ne ya sauya. Ƙasa ce ta tsufa. Ban ce ruwa bai ragu ba, amma ruwan da ya sauka a gandun Alhaji shi ya sauka a gamanata, iyaka ɗaya ce tsakaninsu. Malam Tanko kanshi ya bar gonarshi ta jigawa ta zama fako, ya koma aron wata. Na haɗu da shi a kasuwa, ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi mai gida. Ko a fuskarshi ban ga alamar ya tuna abin da ya faɗa a zaurenmu ba. Ba mutum ɗaya da ya tako ya ce, Idi, ashe kai ka gani.

Babanku ya rasu da bazara, ana gab da saukar ruwa. Alhaji ya yi kuka wurin jana'iza, kuka na gaskiya, ya kuma ɗauki nauyin sadaka duka. Ina cikin takaba ruwan shuka ya sauka. Da safe ina zaune a ɗaki sai maƙwabciyata ta shigo da murnarta, ta ce in gode Allah, Alhaji ya tura tarakta ta nome mani gamana kyauta saboda marayu, tun ɗazu ta ji ƙararta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ta riƙe mani hannu tana cewa Rakiya takaba kike, me mutane za su ce. Na ja lulluɓina na fita. Na bi ta tsakiyar gari a ƙafa, maza na zaune bakin masallaci suna kallona, ban gaishe da kowa ba. Kafin in isa Sale ya riga ya yi zuwa biyu ta gefen gabas, farin rairayi ya fito sama, saiwar wata ƴar gawo na reto jikin faifai. Na shiga gaban tarakta na tsaya. Ya taka birki ya leƙo.

"Lafiya dai? Alhaji ne ya aiko ni."

"Na sani. Kashe ta."

Ya kashe. Na zagaya ta dama na taka ƙarfen hawa na kama kujera. Sandunan na nan yadda na san su, sai dai Kurma ta yi tsatsa don an daɗe ba a yi aiki da ita ba in ba wajen ɗaga galma a hanya ba. Na tura Mai-ji can ƙarshen hanyarta. Na ce ya tada inji, ya saukar da Kurma a hankali har sai na ce ya isa. Ya yi gaba kaɗan, na sauka na sa hannu cikin kunyar na auna, na ce ya ɗago ta kaɗan. Sannan na sa ya ɗaure ɗan ƙarfen da ke tare sandar don kada ta wuce nan. Na ce mashi in ya zo tudu ya waiga ya gyara da hannu, in ya ga ɗan itace ya kauce mashi. Ya dube ni ya ce rabon da ya yi noma da wagga sanda tun yana koyo. Na ce to yau ya tuna.

Muna haka sai ga Alhaji bisa moto, wato babur, an kai mashi labari. Ya sauka yana haki, rigarshi na kama iska.

"Rakiya! Kina cikin takaba kika fito gona? Alheri na yi maki, shi ne za ki tozarta ni gaban gari?"

"Na gode da alheri, Alhaji. Ban kori taraktarka ba, ga ta nan tana aiki."

"To wa ya ce ki taɓa mani ita? Me kika sani game da tarakta?"

"Wanda nake wa takabar shi ya koya mani."

Alhaji ya dubi zuwa biyun da aka yi da fari, ya dubi inda Sale ke bi yanzu, ƙasa baƙa na kwantawa a bayanshi. Ya ɗaga kai ya dubi nashi gandun a ƙetaren iyaka. Na tsaya ina jira, don na ɗauka ranar ce zai faɗa. Kalma ɗaya nake so, ko ba don ni ba. Sai ya gyara hularshi ya ce wa Sale in ya gama ya wuce Korahane ana jiranshi, ya hau motonshi ya tafi.

Ban koma gida ba sai da aka gama. Na zauna a inuwa cikin kayan takabata ina kallon kowane zuwa, in na ga faifai ya fara nutsewa in ɗaga hannu, Sale ya waiga ya gyara. Liman ya aiko mani da magana washegari kan fitar da na yi cikin takaba, na ce a gaya mashi na ji, kuma in tarakta ta sake shiga gonata ba da sanina ba zan sake fita.